Ba Duk Abin da Aka Ɓoye Ne Dukiya Ba

'Ya'yana da jikokina na Fagge da Sabon Gari,

Tambayar da kuke jujjuyawa a majalisunku ta iso kunnena. Wasunku sun koma ga tsofaffin wasannin Pokémon, waɗanda aka ƙera tun kafin a haifi da yawa daga cikinku, kuna buga su a waya, ko a tsohuwar Game Boy da aka tsinto a kayan gwanjo. Kun bi labarin har ƙarshe, kun kayar da duk zakaran da aka tsara a kayar, sai kuka ji ana cewa da sauran rina a kaba: akwai wani kifi da ba ya kamuwa, da tsibirin da ke bayyana ya ɓace, da kogo mai rubutun ɗige-ɗige a bango. Shi ne kuke tambayar juna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Kada ku yi mamakin ganin tsoho ya tsoma baki a maganar gem. A bakin kasuwar Sabon Gari na yi sana'ata, ina gyaran rediyo da rikoda da bidiyo, daga baya kayan wasan yara suka shiga cikin abin da ake kawo mana. Mai gyara yana ganin hanjin abin da mai shi bai san komai a kansa ba sai fuska. Sauran kuma na koya a bakin yaran da suka yi ta zama a bencin shagona, da karance-karancen da hutun tsufa ya ba ni dama. Ban zo in ce ku ajiye wasa ba. Mu ma a namu lokacin sinimar Plaza da El Dorado sun ci mana kwabbai da barci, iyayenmu suka yi faɗa, muka girma. Abu ɗaya nake so ku riƙe: kafin ku shiga neman wani ɓoyayyen abu, ku san farashinsa, ku kuma san da me za a biya ku.

Ku da kuka tashi a Fagge kun san Wapa. Ɗan canji ba ya miƙa takarda ko ɗaya sai ya san farashin ranar, ya duba abin da aka ba shi ko na gaske ne, ya lissafa abin da zai rage masa bayan an rabu. Mai wasa ma canji yake yi, sai dai abin da yake miƙawa awannin rayuwarsa ne, su kuwa ba a dawo da su ko an gano cinikin bai yi ba. To, bari mu baje kayan mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da wanda ya ɓoye kayan da dalilinsa. Mutumin da ya ƙirƙiro wasan, Satoshi Tajiri, ya tashi ne a Machida, a gefen birnin Tokiyo, lokacin da wurin yake da sauran gonaki da kududdufai. Yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari yana tarawa. Kafin ya girma gine-gine sun cinye filayen. Sai ga Game Boy, wadda Nintendo ta fitar a 1989, da wayar da ake haɗa na'ura biyu da ita. Ya raya a ransa ƙwaro yana bin wannan waya daga hannun wani yaro zuwa hannun wani. Kamfaninsa, Game Freak, ya shafe kusan shekara 6 yana fama, sannan a watan Fabrairun 1996 wasan ya fito a Japan cikin kaset iri biyu, ja da kore. Amurka ta samu nata, ja da shuɗi, a 1998.

Ku lura da kaset biyun nan, don a nan dabarar take. Halittu 150 aka ce ka tara, amma da gangan aka hana kowane kaset guda 11 da ke cikin ɗan'uwansa. Wasu 4 kuma, irin su Gengar da Alakazam, ba a samun su sai an tura ƙananansu ta waya zuwa na'urar wani, a can suke rikiɗa. A farkon wasa ana ajiye maka uku a ce ɗauki ɗaya, sauran biyun sai a hannun wani. Komai ƙwazonka da nacinka, kai kaɗai a ɗaki ba za ka cika kundin ba. Idan kuma ka cika, ka je garin Celadon wurin ma'aikacin da ke jiranka, abin da zai ba ka takardar yabo ce a allo. Ka karanta, ka danna, ta wuce. Shi ke nan.

Na ga yaran da suka ji haushin wannan, suna cewa an yaudare su. Ni ban ga yaudara ba. A shekarun da kasetocin nan suka fara shigowa Kano, ƙwallo samari suka fi bugawa a gidajen gem, masu Game Boy tsiraru ne, wayar haɗi kuwa ta fi na'urar wuyar samu. In an dace an same ta, sai ka ga yara biyu a kan benci, gwiwa da gwiwa saboda wayar gajera ce, kowa ya karkata allonsa wajen haske don na'urar ba ta da fitila, sauran sun yi cincirindo a kansu, ana ta "kar ka motsa, kar ka motsa," domin kowa na tsoron waya ta zare a tsakiyar musaya. Ɗaya ɗan Fagge, ɗaya daga wajen France Road, wannan Hausa ce a bakinsa, wancan Ibo da Turancin buroka. Kafin a miƙa sai an yi alkawari cewa in ya rikiɗa za a dawo da shi. Yaro ya ba wanda bai gama sani ba abin da ya daɗe yana reno, kuma aka dawo masa da shi. An biya shi ladan nemansa tun kafin ya kai ga takardar Celadon. Saboda haka duk abu mai wuya da zai sa ka nemi mutum, ka yi magana da shi, ka riƙe amanarsa ya riƙe taka, a wurina ya cancanci wahala. Unguwannin nan biyu dama tun asali mahaɗar baƙi ce: Fagge zangon ayarin da ke sauka daga Sahara, Sabon Gari masaukin waɗanda jirgin ƙasa ya kawo bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Musaya da baƙo gadonku ne.

Na biyu a kayan namu shi ne abin da babu shi sam, baki ne kawai ya ƙirƙira. Akwai halitta ta 151, sunanta Mew. Wani ma'aikacin Game Freak, Shigeki Morimoto, shi ya cusa ta a ɗan sararin da ya rage a kaset dab da kammala aiki, ba tare da an tsara wata hanyar kama ta a cikin wasan ba. Da labarinta ya fasu, mujallar yara ta CoroCoro a Japan ta sanar a 1996 cewa za a ba mutum 20, sai ga masu nema kusan 78,000. Sauran yaran duniya da ba su samu ba suka shiga saƙa hanya da baki. Wadda ta fi shahara ita ce ta motar kaya da ke ajiye a tashar jirgin ruwa ta Vermilion: wai ka tura ta, Mew na ƙarƙashinta. Motar tana nan kuwa, kuma isa wurinta sai da dabara, don sai ka san yadda za ka hana jirgin tashi har ka samu ikon ratsa ruwa. Yara a ƙasashe da dama suka share wasansu suka koma farko saboda ita, suka isa, suka tura, ko gezau. Babu komai a ƙarƙashinta. Da aka sabunta wasan a 2004, masu ƙera shi suka ɓoye ɗan biskit a wajen, sannu da hanya ga masu zuwa.

Abin da ya ba wannan ƙarya tsawon rai shi ne rabinta gaskiya ce: Mew na cikin kaset, mota na tashar. Mai kawo labarin kuma kullum cewa yake yi yayan abokinsa ya gani. A yau bidiyon TikTok da YouTube ne suka gaji yayan abokin, kuma da yawa daga cikin abin da suke nunawa a kan wasan da aka sassauya aka ɗauke shi. Kafin ka ba wani labari darenka, tambayi wa ya gani da idonsa, kuma a wane kaset. Wannan tambayar za ta yi maka amfani ranar da wani zai zo maka da labarin wata harka ta intanet da ke ninka kuɗi a mako biyu.

Na uku shi ne abin da yake nan da gaske, amma an rufe ƙofarsa. A wasannin Game Boy Advance akwai tsibiran da ba a zuwa sai da tikiti, tikitin kuwa a taruka da shaguna aka raba shi a Japan da Amurka da Turai, na ɗan lokaci. Taswirar da ke kai mutum tsibirin Mew a wasan Emerald ba a taɓa raba ta ga kasetocin Turanci ba. A Diamond da Pearl, na 2006, an gina hanyar saduwa da Arceus, aka ce sai da wata sarewa, sarewar kuma ba a taɓa ba kowa ita ba. Ranar 20 ga Mayun 2014 Nintendo ta kashe layin intanet na na'urar DS da ake buga su a kai, duk kyautar da ke zuwa ta nan ta tsaya. Yaron da ke Fagge yana ta zagaye tashar jirgin ruwa yana neman wanda zai ba shi tikiti, ba ƙwazo ya rasa ba. Ya zo ne bayan kasuwa ta watse. Sanin haka tun da wuri hutu ne.

Akwai kuma ƙofar da shekaru ke rufewa, ita ce na sani da hannuna. Juya kaset ɗin Gold ko Silver, waɗanda suka fito a 1999, za ka ga sukuru ɗaya a bayansa, mai kan da sukundireban gida ba ya kamawa. In ka kwance shi ka zame murfin, ga ɗan koren allo, a kansa ga batir faffaɗa zagayayye an liƙa ƙafafunsa da dalma. Wannan batirin shi ke riƙe da ajiyarka, shi ne kuma ke juya agogon cikin wasan dare da rana ko na'ura na kashe. Aiki biyu yake yi, shi ya sa yake saurin mutuwa. Ranar da ya mutu, ka kunna, sai wasan ya tarbe ka kamar bai taɓa ganinka ba. Yaro zai zo idonsa ya cicciko, ya ce, "Baba, dawo min da su." Batir nakan iya canzawa cikin 'yan mintoci, amma abin da ya tafi ya tafi. A Ruby da Sapphire da Emerald ajiya ba ta dogara da batir ba, sai dai in ya mutu agogo ya tsaya: shuka ba ta girma, abin da ke sauyawa kowace rana ya daskare. Kasetocin jabu kuwa, irin masu tambarin wasa ɗari a ɗaya, kan share ajiya ba sallama. Ku masu bugawa a waya ma kun san waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana yi mata fulashin. Don haka kafin ka ɗora watanni a kan abu, duba tukunyar da kake tarawa a ciki, kuma ka ajiye kwafi a wani wuri.

Na huɗu shi ne wanda na fi jin tsoronsa a kanku: abin da ba ya buƙatar komai daga gare ka sai zama. Tun daga Gold da Silver aka shigo da halittu masu launi na daban, masu walƙiya. Launi ne ya bambanta su, ba wai sun fi 'yan'uwansu iya faɗa ba. A tsofaffin wasannin, damar haɗuwa da ɗaya ita ce 1 cikin 8,192. Ɗauki biro mu yi lissafi. In kowace haɗuwa ta ci rabin minti, haɗuwa 8,192 ta haura awa 68. Kuma ba alkawari ba ne: cikin mutum 100 da suka cika wannan adadi, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Na'ura ba ta san ka daɗe ba. Gwajinka na dubu takwas da na farko duk ɗaya ne a wurinta. Zuciya ce kawai ke raya maka cewa saura kaɗan.

Tsibirin da ke ɓacewa, wanda ke Hanya ta 130 a Ruby da Sapphire da Emerald, ya fi wannan muni. Kowace rana wasan na zaɓar lamba ɗaya cikin 65,536, kuma tsibirin ba ya bayyana sai lambar ta dace da wadda ke ɓoye a jikin ɗaya daga cikin halittun da kake ɗauke da su. Guda 6 ake ɗauka. Wanda ke dubawa da waɗannan shida kaɗai sau ɗaya a rana, lissafi ya ba shi kusan shekara 30. Masu naci sukan cika akwatuna da ɗaruruwa suna sauyawa shida-shida, kullum, don rage tazarar. In an isa kuma, me ke can? Wata 'yar halitta da ake samu ta wata hanyar cikin sauƙi, da itaciya ɗaya mai 'ya'ya. In kuma batirin kaset ya mutu, lambar ba za ta sake sauyawa ba har abada. Haka Munchlax a Diamond da Pearl: bishiyoyi 21 ake shafa wa zuma, 4 ne kawai yake zuwa kansu, ba a gaya maka waɗanne ba, ka jira awa 6, sannan damar 1 ce cikin 100.

Kifin nan Feebas da kuke ta magana shi yana tsaka-tsaki. A kogin Hanya ta 119 akwai gurbin jefa ƙugiya sama da 400, shi kuwa a 6 kawai yake, kuma ko a gurbin daidai rabi da rabi ne. Amma a nan tsari na da amfani. Wanda ya zana kogin a takarda, ya bi layi-layi, ya jefa fiye da sau ɗaya a kowane gurbi, ya sa alama, ya kuma san cewa sauya kalmar yayi ta garin Dewford na watsa guraben, zai kai gaci. Mummunan kifin kuma, in ka iya renonsa, shi ke zama Milotic, ɗaya daga cikin mafi kyau da amfani a wasan. Wahala ce mai iyaka, mai sakamako. Wanda ke da yammacin hutu yana sha'awa, ban hana shi ba.

Abin da ya sa nake tsoron masu dogaro da sa'a zalla shi ne ɗabi'ar da suke shukawa. Ku duba Porygon a wasan farko. Ba a kama shi a daji, sai a gidan wasan Celadon, kan sulalla 9,999 a jan kaset, 6,500 a shuɗi, kuma hanyar da aka shimfiɗa maka ita ce injin caca. Kuɗin ba na gaske ba ne, na sani. Amma bugun zuciyar na gaske ne, da wannan "bari in sake sau ɗaya." A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasan da katunansa, kuma caca na cikin dalilan da ta kawo. Masu ƙera shi ma daga baya sun cire injinan daga sababbin wasanninsu. Hukunci na malamai ne, ku tambaye su. Ni dai abin da idona ya gani nake faɗa: hannun da ya saba da danna abu ɗaya sau dubu yana jiran sa'a, ba ya jin baƙunta ranar da ya shiga shagon cacar ƙwallo. Kun san shagunan, kun kuma san samarin da suka cinye wa jari.

Yanzu ga na biyar, wanda zan ce ku je da albarkata. Shi ne abin da aka kulle da tunani ko da gwaninta. A Ruby da Sapphire akwai wani ɗaki a ƙarƙashin teku, a Hanya ta 134, sai ka karanci yadda igiyar ruwa ke ja sannan ka dace da wurin nutsewa. Bangonsa cike da ɗige-ɗige. Wannan rubutun makafi ne, wanda Louis Braille ɗan Faransa ya tsara, irin wanda ake koyarwa a makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a nan Kano. A da sabon kaset yakan zo da jadawalin haruffan, amma na gwanjo tsirara yake zuwa, ba kwali ba takarda. Yaron da ya zauna da biro ya kwafi ɗigon nan, ya gane shida-shida suke, ya warware su harafi bayan harafi har suka zama umarni, ya ɗauko Relicanth da Wailord ya jera su yadda aka ce, ƙasa ta girgiza, ƙofofi uku suka buɗe a wurare uku, wannan yaron ya samu abin da batir ba ya sharewa. Ɗaya daga cikin kogunan ma abin da yake nema kawai shi ne ka tsaya cak minti 2 ba ka taɓa komai ba, kuma za ku yi mamakin yawan waɗanda hakan ke gagara. In akwai mai lalurar gani da ya yi karatu a unguwarku, kai masa abin da ka kwafa, ka ga yadda malami yake.

Haka wanda ke tsaye a ƙarshen kogon dutsen Silver a Gold da Silver. Sai ka tara lambar yabo 16, ka ratsa ƙasa biyu, sannan a bar ka ka hau. A can za ka tarar da Red, wato yaron da aka buga da shi a wasan farko, da Pikachu mai mataki 81, ba ya ce maka uffan. In ya kayar da kai, ka san dalili: ka zaɓi wanda bai dace ba, ko ka yi gaggawa. Ka gyara ka dawo. Filin gasa na Emerald ma haka yake, da zaurukansa 7. A ɗaya daga ciki ba ka shiga da naka, aro ake ba ka, ka zaɓi uku cikin shida da ba ka saba da su ba, ka yi nasara da abin da ya samu. A wani kuma sai ka kai karawa ta 70 a jere ba faɗuwa kafin ka nemi tambarin zinare. Nan ma akwai sa'a, kuma yana iya cin watanni in ba a yi hattara ba, amma kowace faɗuwa tana barin darasi. Ga ma'aunin da nake so ku ɗauka: bayan awa goma kana fama, shin ka fi yadda kake da farko iyawa? In eh, to ana biyan ka. In hannunka ne kawai ya gaji, ciniki ya faɗi, tashi.

Wani zai ce, Baba, ai akwai lambobin maguɗi, in na shigar da su komai zai zo cikin daƙiƙa. Gaskiya ne. Ga abin da aka rufe ƙofarsa, wanda ya buɗe don ya ga yadda aka gina wurin, kansa ya yi wa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka kai shi majalisa ka ce guminka ne, kada kuma ka musanya shi da na wanda ya sha wahala ba tare da ka gaya masa ba. Wasa ƙaramin abu ne, amma a ƙananan abubuwa ake koyon algus. Ku kuma sani cewa masu ƙera wasan da kansu sun sassauta da yawa daga cikin waɗannan: a 2013 sun mayar da 8,192 zuwa 4,096, a sabunta Ruby da Sapphire na 2014 sun sauƙaƙa Feebas, sun kuma sa Deoxys, wanda a da sai da tikiti, a cikin labarin da kowa zai iya bi. In halittar kake so don kanta, sau da yawa tana nan da araha a wani wasan. In kuma hanyar kake so, to tabbatar hanyar na da abin koyarwa.

Sauran magana ita ce daga wane aljihu ake biya. Awa 68 ta wanda ya gama jarrabawa yana jiran sakamako daban take da ta wanda JAMB ke gabansa, ko yaron shago a Kantin Kwari da maigidansa ya bar wa amana, ko ɗalibar da ke da hadda gobe a Islamiyya. Akwai alamomin da ba sa ƙarya. In an kira salla ka ce bari in yi sebin, har aka idar. In mahaifiyarka ta kira sau biyu kafin ka ɗago. In kuɗin data da na caji sun fara fitowa daga inda bai kamata ba. In ka fara ɓoye wa mutane tsawon lokacin da ka yi. In ka kwanta kana jin haushi maimakon nishaɗi. Duk wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan a kansa, ya ajiye na mako guda ya gani ko zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da wasan gem cikin jerin lalurori a 2019, kuma ba yawan wasa kaɗai take dubawa ba, sai rasa ikon tsayawa da barin wasa ya danne sauran al'amuran rayuwa.

Ku yanke wa kanku iyaka tun kafin ku fara, lokacin da hankali ke kwance, domin a tsakiyar nema zuciya ba ta iya lissafi. Ka ce wannan kifin na ba shi yamma uku, in bai zo ba na haƙura. Ranar da ka cika alkawarin nan ka tashi ba ka samu ba, ka yi nasarar da ta fi kamun. Halittun yanzu sun haura 1,000, ana kuma ƙara wasu, ba wanda zai ce ya gama. Barin wasa da gurbi a kundinsa ba abin kunya ba ne.

Ku kuma iyaye da yayye da ke karanta wannan, kafin ku ƙwace waya ku zauna ku tambayi yaro me yake nema a ciki. In ya iya bayyana muku tsarinsa, ya nuna muku takardar da ya zana, to ku ba shi lokaci ku sa masa iyaka, wataƙila mai haɗa manhaja ne ko injiniya ke tasowa a gidanku. In kuma ya ce shi ma bai sani ba, dannawa kawai yake yi, to ku jawo shi a hankali, ku ba hannunsa wani aikin.

'Ya'yana, ku nemi abin da zai haɗa ku da mutane, ku nemi abin da zai kaifafa muku tunani. Jita-jita ku bincika ta, rufaffiyar ƙofa ku wuce ta, abin da ke jiran sa'a kaɗai ku ba shi kaɗan ko ku bar shi. Allah Ya yi wa lokacinku albarka, Ya sa ku fi mu, Ya raba ku da wahalar da ba lada.